Sunan Da Na Buga Wa Baba Haru

Tun da na dawo daga Takanamat ƴan fadarmu suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce in ba shi labarin ƴan tawaye, wancan ya ce wai ya ji na jiƙa wando a bariyar sojoji. Ban jiƙa ba, amma saura ƙiris. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na ba da labarin sai in ƙara wa kaina ƴar jarunta, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, tun ban zama gwarzon ƙarya ba. Kun dai san ni, Lawali ne, ɗan birni, wanda ko karen maƙwabta ya yi haushi sai ya sake hanya. Mahaifina daga Maraɗi ya zo Tawa da keken ɗinkinsa, kuma har na yi aure ban taɓa leƙa arewacin garin nan ba.

Sai na fara da aikina, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni can ba. Ina aiki a biro, wato ofishin Alhaji Nomau, mai sayar da dusa da angurya da gishirin dabbobi da hatsi. Yana da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a nan Tawa, yana da wata a Takanamat wadda ya gada daga mahaifinsa, har da mai riƙe da makullinta, wani dattijo da ake kira Baba Haru. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi kaya suka yi tsada, Alhaji ya nemi tallafin banki, su kuma suka sa masa sharaɗi: ya ajiye ordinatar, wato kwamfuta, duk takardar fitar da kaya, wadda muke kira bon, a shigar da ita ciki. Da yake na ɗan koyi bugun na'ura, ni aka ɗauka.

Tsarin lissafin da ke cikin ordinatar ɗin taurin kai gare shi. Kowane bon sai ka cika masa gurbi uku: wanda ya karɓi kaya, wanda ya fitar, da wanda ya amince a fitar. In ka bar na ƙarshen fayau, sai ta yi maka ƙara ta ƙi gaba. Bon ɗin Tawa ba su da wuya, Alhaji ne ke dangwala musu hatimi. Na Takanamat kuwa a ɗaure suke zuwa cikin motar kasuwa, Baba Haru ya cika su da ajami, ni in mayar boko. A wurin sa hannun mai amincewa ba suna, sai wani zane: nan da'ira da sanda a tsakiya, can ɗigo uku, can wani abu kamar sawun kaza. Na ɗauka tsohon ne yake sauya sa hannunsa yadda ya ga dama. Ban tambayi kowa ba. Wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, ga ku kuna jirana a fada, sai in buga HAROU in wuce. Haka na yi bazara guda.

Ranar wata Laraba mai binciken banki ya zo daga Yamai, ya ce in fitar masa da rapor na amincewa, wato jerin da ke nuna kowane bon da wanda ya yarda da shi. Na danna, injin bugu ya kama kuka, takarda ta yi ta zubowa a haɗe har ƙasa. Ya bi ta da jan alƙalami ya tsaya a Takanamat. Bon arba'in da bakwai, wanda ya fitar Haru, wanda ya amince Haru, masu karɓa kuma duk sunayen Buzaye. Ya cire tabarau ya ce wa Alhaji, mai makulli ba ya amince wa kansa, wannan doka ce ta farko. Sannan ya rage murya ya ce hatsi da gishiri sun fita arewa ba shaidar kowa, a irin wannan lokaci, shi dai dole ya rubuta abin da ya gani.

Kun san halin da ake ciki. Arewa ba ta kwance, ana tare motoci, kuma wanda aka ce yana kai wa ƴan tawaye abinci ba a tsayawa dogon bincike a kansa. Ga shi jam'iyyar da Alhaji ya bi ba ita ta ci zaɓe ba, kullum gani yake ido na kansa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Haru? Harun babana?" Ya miƙe ya zauna. "Ni ban iyawa da wagga wuta. Kahin jandarma su zaka su ɗauke ni, ni za ni kai musu takardag ga da hannuna. Ran Litinin."

Ni kuwa ina tsaye bayan na'ura, na san yatsan da ya buga sunan nan sau arba'in da bakwai. Bakina ya mutu. Ƴaƴa biyu gare ni, ma'aikatan gwamnati ma wata da watanni ba albashi, in aka kore ni ina zan nufa? Tsoro ne ya riƙe ni, ba wani abu ba.

Da na koma gida na kasa cin tuwo, na gaya wa matata Hajo. Ta ji har ƙarshe, ta ce, "Tsohon ya san sunanai na cikin injin naku?"

Na ce a'a.

"To kai da Allah kun sani." Ta ɗauke kwanon ta rufe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe na roƙi Alhaji ya bari in je in duba littafin can kafin a kai magana gaba. Ban gaya masa dalili ba. Ya ce, "Tahi. Amma Litinin da hantsi in ba ka nan, ni na gama." Na kwashi bon ɗin na asali da kwafin rapor ɗin na nufi tasha.

Motar Attahiru na samu, tsohuwar Toyota mai buɗaɗɗen baya, an lafta mata buhuna, mutane a bisa. Na biya kuɗin gaba don a san ɗan biro ne, sai na tarar mu uku ne a kujerar, ciki har da wata gwaggo mai sayar da cuku da ta kwashe kashi biyu cikin uku na wurin. Ba mu yi nisa da gari ba muka iso bariyar: ganga biyu da igiya, da sojoji a inuwar wata bagaruwa. Aka ce kowa ya sauka da katinsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sojan bai ma tambaye ni jaka ba, ni da kaina na rungume ta har ya lura. Ya buɗe ya jawo rapor ɗin, takardar ta warware tana bin iska kamar rawani.

"Lis ɗin su wa na wanga?" Ya karanta da ƙarfi. "Agali. Alhuseini. Mi kaka yi da sunayen Buzaye?"

Na shiga bayanin bon da gurbi uku. Ya dube ni, ya dubi takalmina na birni, na ga alama ya yanke cewa irina ba ya iya tawaye ko da kaza. Ya tattaro takardar ya danƙa mini.

"Wuce. Amma in na gaba sunka gan ka da sunayensu jere haka, su za ka yi ma bayani, ba ni ba."

Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Da ma tsoron baya nake, yanzu ga na gaba. Na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin riga, na manna ta da singileti, na ɗaure bel a kai.

Hanyar ba kwalta, tsakuwa ce da duwatsu, ga zafin bazara. Rana na tsaka taya ta fashe a wani fako inda ko inuwar da akuya za ta fake babu. Attahiru na fama da jak sai gwaggon ta ce, "Ga mutane can." Raƙuma biyar ne, da mahaya sun rufe fuska sai ido. Attahiru ya ce a hankali, "Kowa shi kama bakinai." Ni ban san sanda na shige ƙarƙashin mota ba. Daga nan nake hangen ƙafafun raƙuma, ina karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Suka yi sallama, suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi kuɗin sukari a Tawa, ɗaya ya roƙi ashana. Da suka ga jak ɗin ya ƙi, uku suka sauko suka ɗaga gefen motar da hannu aka sa taya, ina kwance a ƙasanta kamar buhu.

Bayan sun wuce gwaggon ta leƙo. "Malamin biro, hito. In gyara kaka yi, an gama." Har muka iso Takanamat ƴan bayan mota ba su daina dariya ba.

Da la'asar muka shiga gari. Baba Haru gajere ne, ido ɗaya ya yi yana, makullai rataye a wuyansa da tsirkiyar fata. Sau biyu kawai na taɓa ganinsa a Tawa, amma ya tarye ni kamar ɗan da ya haifa. "Ɗan biro! Yau kai da kanka? Marhaba, marhaba." A Tawa baƙo bai gama cire takalmi ba an tambaye shi abin da ke tafe da shi. A can kuwa abin kunya ne, sai baƙo ya sha ya ci ya kwana, in ya ga dama ya faɗa. Aka kawo fura a ƙwarya, an dama da nono mai tsami da ruwan rijiya ja-ja, wanda a gida da ko wanke hannu ba zan yi da shi ba, na kafa kai na sha har na ga gindin ƙwarya. Sannan na ji kukan zabo a bayan gida. Tsohon da na jefa a rami ya sa an yanka mini zabo, kuma na zauna na ci.

Da na je wanka na cire riga, sai na ga abin da gumi ya yi. Tawadar rapor ɗin ta bi singiletina, layi-layi, HAROU, HAROU, HAROU, a juye, daga ƙirji har cibiya. Na fito da ita a dunƙule, matarsa ta karɓa wai za ta wanke mini. Baba Haru ya hangi baƙin ya ce, "Mi anka rubuta nan?" Na ce lambobi ne kawai. A zauren mangaza aka yi mini shimfiɗa bisa buhunan angurya, ni da ɓeraye, kuma yadda na kwana ba sai na faɗa ba.

Da safe bayan koko na baje bon ɗin a tabarma, na gaya masa abin da ake ciki da abin da za a yi ran Litinin. Amma sai na ce na'ura ce ta yi kuskure. Bai razana ba. Ya ɗauki bon ɗaya ya kai kusa da idonsa mai gani, ya sa yatsa a kan da'irar nan mai sanda.

"Wanga na Agali na. Ɗigo ukun ga na Alhuseini. Wanga da kac ce sawun kaza, na mutanen rijiyar yamma." Karanta su yake kamar yadda nake karanta boko. "Ejwal suka ce mishi, shi na lalas da suka yi ma raƙumansu. Baban Alhaji yaƙ ƙulla haka da su. Su ɗauki abincin dabba da bazara, su biya in ruwa ya sauka, amma ba a hidda buhu ko guda sai shugaban zango ya zaka ya zana ejwal nai da hannunai. Mutum na iya manta maganatai, ba shi musun abin da ab bisa wuyan raƙuminai. Ni ban taɓa yarda da bon ba, ɗana. Ni makulli gare ni."

Ashe abin da na raina shi ne sa hannun da ya fi nawa ƙarfi. Na ce to ya zo mu tafi Tawa ya yi wannan bayani. Ya girgiza kai ya ce wanda ake zargi ba ya shaidar kansa, sai mai alamar ya tsaya, kuma Agali ne babbansu, in ya yi magana ya yi ta sauran. Yana wata rijiya arewa da gari, tafiyar rabin yini.

Ran Asabar da sassafe muka hau amalanken jaki. Duk ƙurar da na hango sai in ce mota ce, duk kututture sai in ce mutum ne a tsugune, Baba Haru kuwa gyangyaɗinsa yake. Kafin azahar muka iso. Raƙuma da awaki sun kewaye rijiya, ramammu, jakuna na jan guga. Na zaro bon ɗaya na matsa kusa da wata taguwa, ga da'ira da sanda a wuyanta, ba bambanci ko kaɗan da na takarda. Gani ya kori ji, kunya kuma ta taru da tsoro a cikina.

Agali dogo ne, ya naɗe fuska, ga takobi a gefe. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar bukka, aka ɗora shayi. Ku ƴan fada da ku goma kuke magana lokaci guda, da kun je can kun ga abin mamaki. Mutum ya yi magana, a yi shiru har sai ka ɗauka ba a ji ba, sannan a amsa. Sai da aka sha kofi na biyu Baba Haru ya faɗi abin da ya kawo mu, ya maimaita yadda na gaya masa, cewa na'ura ta yi kuskure. Agali ya karɓi rapor ɗin ya juya shi, ya ce a nuna masa inda ejwal ɗinsa yake. Na ce babu. Ya ce mene ne a wurin? Na ce sunan Baba Haru.

Aka yi shirun nan nasu. Sannan Agali ya juyo da idanunsa kaina.

"Injin ga, hannu gare shi?"

Na ce a'a.

"To wa yab ba shi sunan Haru?"

Ina jin kukan igiya a bakin rijiya. Na duba hagu na duba dama, ba motar da zan shige ƙarƙashinta. Na ce ni ne. Na ce ban san mene ne zanen ba, ban kuma tambaya ba, sauri nake. Na ce ranar da Alhaji ya ambaci jandarma ina tsaye, na yi shiru don ina tsoron aikina. Baba Haru bai dube ni ba, yana ta juya kofin shayinsa a tafin hannu.

"Ka shahe ni," in ji Agali, "ka aza ma tsoho kayana."

Na ɗauka nan za a taɓa takobin. Ba a taɓa ba. Cewa ya yi ɗan ƙanensa ya shiga birni sayen magani, sai bayan wata biyu suka sake ganinsa, kuma tun daga nan ba wanda ya taka Tawa a zangonsu. Yanzu ana so shi da ƙafarsa ya kai sunansa inda ake neman sunaye?

Baba Haru ya ajiye kofi. "Bari, Agali. Ni tsoho na, in sunka riƙe ni mi za su ci? Kai in sunka riƙe ka, wa ka shayar da waɗanga?"

Agali ya daɗe yana kallon raƙuman. Sai ya tashi ya kwance takobin ya miƙa wa ƙanensa, ya yi masa magana da yarensu. Ya juyo ya ce, "Ejwal nau na. Ba a ɗaure wani bisa shi." Muka komo Takanamat mu uku, kuma duk tsawon hanyar Baba Haru bai ce mini uffan ba.

Ran Lahadi muka sake samun motar Attahiru. Wannan karon ban nemi gaba ba, na hau baya kusa da Agali. Da muka hango gangunan bariyar sai na ji gwiwa tana kaɗawa a jikin tawa. Na dafe ƙafata don ta tsaya, ta tsaya, kaɗawar ba ta daina ba. Ta Agali ce. Mutumin da na kusa suma don ganinsa, ashe shi ma abin da ke cikina ne ke cikinsa.

Sojan ranar nan ne. Ya gane ni ya yi murmushi, ya ga na kusa da ni murmushin ya tafi. Agali ba shi da kati, sai takardar biyan lanho, wato haraji, da ta tsufa. Sojan ya ce wannan zai zauna a nan har a bincika, sai dai in akwai ɗan gari mai kati da zai tsaya masa. Baba Haru ya matso, sojan ya ce a'a, ɗan Tawa yake nufi. Attahiru ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Fasinjoji kowa ya sami abin kallo a sama. Ba zan yi muku ƙarya ba, na tuna Hajo da yara, na tuna in wani abu ya faru a garin nan cikin kwanakin, ƙofar gidana za a fara bugawa. Har na buɗe baki in ce ni a mota kawai na gan shi.

Sai na ji na ce, "Ni na tsaya mishi."

Aka kawo babban littafi. Na rubuta sunana da na ubana da unguwarmu, na bar katina a hannunsu. Da na zo sa hannu alƙalamin ya ƙi tsayawa, abin da ya fito a takardar ba shi da maraba da sawun kazar da nake yi wa dariya.

Litinin da hantsi muna biro. Alhaji ya riga ya sa babbar riga, takardar na cikin ambulan, mai binciken na zaune. Ban jira an tambaye ni ba, don na san in na jira ba zan faɗa ba. Na faɗi komai. Aka ba Agali farar takarda ya zana da'irarsa da sanda, aka jera da bon, ya kuma faɗi mai kowace alama. Mai binciken ya daɗe yana dubawa, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma amincewa ce, kuma ba ta mai makulli ba ce. Ya ce in gyara a na'ura. Na gwada, ta yi mini ƙarar nan tata. An riga an rufe watannin, abin da aka shigar ba ya goguwa. Dole na zauna na yi wani jeri da hannu, lambar bon, zanen alama, sunan mai ita, aka maƙala a bayan rapor ɗin. Alhaji ya wanke ni tas a gaban kowa, har ya haɗa da kakana na Maraɗi. Bai kore ni ba, don ba wanda ya iya na'urar sai ni.

Na ɗauka an gama, sai na ga Baba Haru ya cire tsirkiyar makullan daga wuyansa ya ajiye a tebur.

"Alhaji, shekara talatin ina riƙe da waɗanga. Yaron ga ya yi kuskure, ya taka har rijiya. Kai takarda ta hwaɗa maka magana bisa kaina, ko aike ba ka yi ba a tambaye ni."

Alhaji ya ba da haƙuri, ya haɗa shi da darajar mahaifinsa, tsohon ya ce ya yafe amma wuyansa ya gaji. Sannan ya zo inda nake, karo na farko tun rijiya, ya ce in nuna masa sunan nasa. Na kira shafin, koren rubutu ya fito. Ya kai idonsa mai gani kusa da gilashi.

"Shi na wanga?"

"Shi na, Baba."

"Ba shi hita?"

"Ba shi hita."

"To ka riƙa gaishe shi da sahe, tunda ku ka wuni tare."

Ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya ba ni, ya ce saƙon matarsa ne. Na raka su har bariyar, Agali ya wuce, aka mayar mini da katina. Sai da na koma gida na kwance ƙunshin. Singiletina ce, an wanke an ninke, tawadar ta ɗan dushe amma ba ta fita ba.

Yanzu duk bon ɗin da ya zo da abin da ban gane ba, ajiye shi nake in tambaya, ko na'ura za ta wuni tana ƙara. Sai dai daga Takanamat ba abin da ke zuwa kuma. Alhaji ya aika mutum biyu su riƙe makulli, Agali ya ce shi da Haru ya saba, mangazar tana nan a kulle. Na ji tsohon ya koma gonarsa.

To ga labarin, ƴan fada, ba ƴan tawaye a ciki, ba harbi. Wanda bai yarda ba ya zo gida. Na so in mayar da singiletin tsumman goge na'ura, Hajo ta hana, ta sa a ƙasan akwatinta. In kun zo ku taho da madubi, don a juye sunan yake.